Kwana Uku A Tsaunin Mambila: Inda Na San Darajar Rana

Da yawanku kun yi ta aiko da saƙo kuna tambayar ina na shige, wasu ma har da cewa ko auren ɓoye na yi. To ku kwantar da hankalinku, ba aure ba ne, tafiya na yi. Tafiyar da ta sa na yi kuka da hawaye shaɓe-shaɓe a kan abin da ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba, wato cajin waya.

A ƙarshen daminar 2024 ne Yayana, wanda yake aikin malamin dabbobi a Gembu, ya kira ya ce in zo in huta, tunda ya ji labarin na yi wata guda ina fama da babi ɗaya na littafina ya ƙi ƙarewa. Ya ce kuma an yi haihuwa a dangin matarsa, can cikin ruga, za su je suna, in ina so in bi su. Sai da na kwana uku ina lallashin Umma kafin ta yarda, don ku sani tana da hawan jini, kuma tun da ta haife ni ban taɓa yin nisa da ita haka ba. Da ta gaji da naci sai ta ce, "Na yarda, amma da sharaɗi ɗaya. Kullum bayan magariba in ji muryarki." Na ce, "Haba Umma, ai wannan mai sauƙi ne." Ashe ban san me na ɗauko wa kaina ba.

Ana jibi zan tafi na shiga kasuwar waya na sayi fawabank, wani ƙato mai nauyi kamar bulo, an rubuta 50,000mAh a jikinsa, ga ɗan gilashin sola a bayansa kamar tafin hannun jariri. Mai shagon ya ce da ni, "Hajiya, wannan ko wata za ki yi a daji ba ruwanki da wutar gwamnati, ki ajiye shi a rana kawai." Na biya ina murna, ko ragi ban nema sosai ba.

Kwana biyu na yi a hanya. Daga Kano muka bi ta Gombe da Numan muka kwana a Jalingo, washegari muka nausa ta Bali da Serti har Mayo Selbe, wanda yake gindin tsaunin. Daga nan ne fa ido ya raina fata. Mota ta fara hawa tana murɗawa kamar maciji, dutse a hannun nan, rami mai zurfi a wancan, kunnuwana suka toshe, wata tsohuwa a kusa da ni ta riƙe hannuna gam kamar ta san ni. Muna ƙarasa hawa sai na ji wata iska mai sanyi ta daki fuskata. Jama'a, ban taɓa ganin kore irin wannan ba! Tuddai ne jere-jere kamar an kifa ƙore an lulluɓe su da koren bargo, shanu sun bazu a kai, ga dogayen itatuwan turare a gefen hanya. Muka wuce Maisamari da Nguroje, kusa da inda gonar ganyen shayi ta Kakara take, muka isa Gembu da almuru.

Yaya ya gaya mini tudun ya kai wajen mita 1,600 a sama da teku, shi ya sa sanyi ba ya rabuwa da shi. Ya ce dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi, mai mita 2,419, yana nan yankin, a kan iyaka da Kamaru. Ita kanta ƙasar a da tana cikin Kamarun Arewa da Turawan Ingila suka riƙe, sai a 1961 aka yi ƙuri'a ta shigo Nijeriya, aka raɗa wa lardin sunan Sardauna, wanda har yau ƙaramar hukumar take amsawa.

Daren da za mu tashi, Yaya ya baje kayansa a tabarma. Ya fito da wani abu kamar jakar littattafai, ya warware shi gida uku, sai ga faifan sola baƙi, mai ramin sa igiyar caji guda biyu. Ya ce mai wat 21 ne. Ya ajiye fawabank ɗinsa mai 20,000mAh a gefe. Ni kuwa da rawar jiki na ɗauko nawa na dangwarar a gabansa na ce, "Yaya, nawa ya ninka naka fiye da sau biyu, kuma da solarsa a jiki."

Ya juya shi ya sake juyawa, ya yi murmushi ya ce, "Malama marubuciya, wannan ɗan gilashin da kyar zai ba da wat 1. Ko da gaske ne abin da aka rubuta, sai ya yi makonni a rana bai cika ba. Nawa ma da kike gani, sai rana ta buɗe tarwai ya yini cur yana ba fawabank ɗin wuta kafin ya cika, wani lokacin har ya shiga washegari." Ya ƙara da cewa ko lambar da ake rubutawa ba duka take shiga waya ba, wajen kashi ɗaya cikin uku yana salwanta a hanya, don haka nasa sau biyu da rabi zuwa uku yake cika waya mai batir 5,000. Na taɓe baki a raina na ce kishi ne kawai irin na maza.

Da sassafe 'yan acaɓa suka kai mu inda hanya ta ƙare, don ruwa ya mayar da sauran taɓo mai santsi. Muka saɓa jakunkuna a baya, ni da Yaya da Anti, muka kama tafiyar ƙafa. Yaya ya rataya faifansa a bayan jaka, ya cusa fawabank ɗin a ciki, ya ce a haka ba ya samun wuta sosai tunda ba ya fuskantar rana daidai, amma da babu gara ba daɗi. Ya kashe sabis ɗin wayarsa ta hanyar danna alamar jirgin sama, ya ce in yi haka ni ma, domin waya in tana laluben sabis a inda babu, shan batir take kamar rairayi ya samu ruwa. Ina! Ni da nake ganin abin da ban taɓa gani ba? Na ɗau hoton tudu, na ɗau hoton rafi, na ɗau bidiyon wani yaro a kan doki, na tsaya na rubuta shafi biyu na littafina a gindin bishiya, ina yi ina leƙa WhatsApp ko saƙon wani bawan Allah ya shigo. Kun dai gane.

Bayan la'asar muka isa rugar. Mata suka fito da guɗa, aka rungume Anti, ana ta "Jam na?" ni kuwa sai murmushi, don Fulatancina bai wuce na gaisuwa ba. Aka kawo kindirmo mai kauri da tuwon masara da man shanu. Wayata ta koma kashi 20 cikin 100, na jona ta da ƙaton fawabank ɗina hankali kwance. Ko rabin awa ba a yi ba fitilunsa huɗu suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Kashi 15 kacal ya ƙara mini. Gabana ya yanke ya faɗi.

Sai kuma wata sabuwa: a rugar babu sabis sam. Sai an hau wani tudu mai tafiyar kusan awa guda ake samu, ga duhu ya yi, ga yayyafi ya fara. Yaya ya ce ba mai hawa tudu a wannan santsin da dare. Magaribar farko ke nan ta wuce Umma ba ta ji ni ba.

Washegari ranar suna muka tashi ba ma ganin ɗakin da yake gabanmu. Hazo ne fari fat ya sauko ya zauna, kai ka ce gajimare ne ya gaji da sama. Yaya ya shimfiɗa faifansa a kan dutse, ɗan jan hasken da yake nuna wuta tana shiga ya yi ƙifta-ƙifta ya ɗauke. Haka aka yini, in hazo ya ɗaga ruwa ya sauko. Baƙi kuma suka cika gida, kowa da 'yar wayarsa a mace, labari ya bazu cewa mijin 'yarsu ya zo da wuta a jaka. Wa zai iya hana surukai? Kafin azahar fawabank ɗin Yaya ya zama fanko. Ni kuma da taurin kai na ƙarasa nawa cajin wajen ɗaukar hoton jaririya da masu rawa, ina cewa ai rana za ta fito anjima. Ba ta fito ba. Rafin da ke tsakaninmu da tudun sabis ya cika ya batse. Magariba ta biyu ta wuce.

Da dare na bar wayar a bakin taga da kashi 9. Cikin dare na farka na laluba, ta mutu murus, don sanyi ma yana karya ƙarfin batir. A nan ne fa kuka ya ƙwace mini. Na tuna yadda Umma take zama a kan dadduma da waya a cinyarta, na tuna ranar da jininta ya hau muka kwana a asibiti. Me take saƙawa a ranta yanzu? Hatsarin mota? Masu garkuwa? Littafin da ke cikin wayar ko ta kansa ban bi ba.

Goggon Anti, wadda a ɗakinta aka sauke mu, ta ji sheshsheƙata. Ta tashi ta kunna wata 'yar fitilar sola, ta dubi fuskata, ta yi magana Anti ta fassara mini. Wai ita wannan fitilar kullum da safe take ɗora ta a kan rufi, ko da rana ko babu, kuma ba ta kunna ta don hira, sai in za ta duba maraƙi ko wani ba shi da lafiya. Shi ya sa yau kwana biyu babu rana amma tata tana da haske. Tana gama faɗa ta kashe abarta. Na kwanta a duhu jikina a sanyaye, kunya ta ishe ni.

Rana ta uku, wajen ƙarfe tara, hazon ya fara yayewa. Ban taɓa zama ina jiran fitowar rana kamar mai jiran baƙon kunya ba sai ran nan, ni da a Kano kullum cikin tsaki nake da zafinta. Tana leƙowa Yaya ya goge raɓar da ke kan faifan da gefen rigarsa, ya jingina shi da dutse yana kallonta sosai. Ya jona fawabank ɗin, ya tura shi ƙarƙashin faifan a inuwa, ya ce zafin rana yana lalata batir, har yakan sa ya kumbura. Na ce, "Yaya, don Allah a jona wayata kai tsaye mana." Ya ce a'a, duk sanda gajimare ya gifta wutar za ta yanke, wata wayar kuma in ta yanke ba ta komawa caji da kyau sai an cire an mayar, amma fawabank yana karɓar ko kaɗan ne ya adana. Ya sa ni gadi: in inuwar ko da reshe ɗaya ta hau gefen faifan in janye, in rana ta matsa in juya shi. Na zauna ina korar kaji da 'yan maruƙa, ina bin rana kamar mai shanyar barkono.

Bayan awa biyu fitila ɗaya ta tsaya cak. Na jona wayata, na sa ta cikin zani a jikina, muka tsallake rafin da ya ɗan janye, muka kama hawa ina haki ina zamewa. A can ƙololuwa sanda biyu ta sabis ta bayyana. Saƙonni suka fara shigowa rututu, har da na mutumin da na yi ta leƙe dominsa, ban buɗe ko ɗaya ba. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Umma, ni ce."

Shiru. Sai na ji numfashinta yana rawa. Ta ce, "'Yar nan, kin kyauta ke nan?" Daga nan ba ta iya ƙarasawa ba, Auta ce ta karɓa ta ce kwana biyu Umma ba ta ci abin kirki ba, jiya har sai da aka kira mai awo ya zo gida ya duba jininta, kuma Baffa ya riga ya ce gobe zai kamo hanyar Jalingo. Na durƙusa a kan ciyawa ina ba da haƙuri, Yaya ya karɓa shi ma ya sha nasa faɗan, har da cewa shi ne babban banza. Minti shida muka yi. Na kashe wayar da hannuna, na zauna na kalli tuddan nan da idona kawai, kuma wallahi sai a lokacin na gan su da kyau.

Da muka koma Gembu, Yaya ya sa wuƙa ya ɓalle fawabank ɗina. Batir ɗaya ne tak na gaske a ciki, sauran kwanso ne cike da yashi. Anti ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Daga Kano har Mambila kika yi dakon yashi a baya!"

Don haka ƙannena, musamman ku 'yan makaranta masu zuwa yawon buɗe ido ko hutu ƙauye, ku ji daga bakin wadda ta taɓa wuta. Ku cika fawabank tun daga gida, ku gwada shi sau biyu ku ga waya nawa yake cikawa kafin ku dogara da shi, kada nauyi ko babbar lamba ta ruɗe ku. Sola taimako ce, ba alkawari ba, musamman da damina. Inda babu sabis ku kashe shi, da dare ku kwana da waya a jikinku in ana sanyi, lambobin gida kuma ku rubuta a takarda. Uwa uba, kafin ku yi wa iyaye alkawarin kira kullum, ku tambaya ko akwai sabis a inda za ku, in babu ku gaya musu gaskiya tun da wuri.

Babin nan da ya gagare ni kuwa, a Gembu na ƙarasa shi, da biro da littafin rubutu na 'yan firamare. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku har kullum.