Wasiƙa Daga Manchesta: Daren Da Na Yi Wa Gawa Dariya

Manchesta, Ingila
2 ga Nuwamba, 2025

Zuwa ga Yayana,

Ina fata kana lafiya, da Inna, da su Gwaggo, da iyalinka, da nawa da na bar maka amana. Yaya ƙafar Inna? Auta ya turo mini hoton fadama, na ga shinkafa ta sunkuyar da kai, ya ce saura kaɗan a sa lauje. Allah Ya tsare ta daga jan-baki, Ya sa a kai ta masussuka lafiya.

Saƙonka na murya ya iso, na saurare shi har sau uku. Ka ce mutane suna ta maganar wai na sami Turai na manta da matata. Yaya, kai ma ka san ba haka ba ne. Tun 11 ga Maris, 2024 gwamnatin nan ta hana masu zuwa aikin kula da tsofaffi tahowa da iyali, ni kuwa cikin Afrilu na sauka. Da sati biyar dokar ta riga ni. Kuma ba yawon buɗe ido ya kawo ni ba. Ka tuna abin da ambaliyar 2020 ta yi mana, yadda muka tsaya a kan hanyar Argungu zuwa Birnin Kabi muna kallon ruwa ya shafe gona har ba a gane iyaka. Bashin wannan shekarar ne nake biya har yau. In Allah Ya yarda, nan da wata uku za mu fanshi fadamar Baba daga jingina. Ka gaya wa masu magana haka nan, ko kuma ka ƙyale su.

Ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Wani abu na yi shekaranjiya da ya tsaya mini a rai, kuma ban san wanda zan faɗa wa ba in ba kai ba.

Ranar 31 ga Oktoba suke wani biki da suke kira Halowin. Tun farkon wata za ka ga an kafa kaburburan roba a ƙofar gidaje, da hannun roba yana leƙowa daga ƙasa. Da dare a yi wa yara shigar ƙwarangwal, su bi gida-gida suna roƙon alewa, kamar tashe amma babu Ramadan a bayansa. A daren ne abokan aikina biyu, wani Bayarabe ɗan Ibadan da wani ɗan Pakistan, suka ja ni wata ƙaramar silima. Na so in ƙi. To amma sun mayar da agogo baya da awa ɗaya, magariba tana yi tun kafin ƙarfe biyar, ɗaki kuma ya yi mini faɗi. Na bi su.

Fim ɗin na Japan ne, na 2017, sunansa One Cut of the Dead, wani Shin'ichiro Ueda ya shirya shi. Yen miliyan 3 kacal aka kashe masa, wajen dala 25,000, cikin kwana 8 aka ɗauke shi, amma ya maido kuɗinsa fiye da ninki dubu. Labarin abin da suke kira zombi ne, wato gawa ta tashi tana tafiya tana cizon masu rai, wanda ta ciza shi ma ya koma irinta. Ba fatalwa ba ce irin wadda Gwaggo take ba mu labari, wadda ake cewa an gani a kasuwar wani gari bayan an yi mata sadakar arba'in. Wannan gawa ce ƙiri-ƙiri, da jini da ruɓa.

Minti 37 na farko, kyamara ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. Kuma wallahi shirme ne zalla. Ɗan wasa ya manta maganarsa ya tsaya yana zare ido, wani ya fice ba dalili, kyamara ta faɗi ƙasa ta daɗe a kwance. Na ce a raina, ko marigayi Ibro a farkon fitowarsa ya fi wannan tsari. Wani saurayi da budurwarsa da ke gabanmu suka tashi suka fita tun ba a kai rabin awa ba. Abin da ya fi ba ni haushi, babu mai cewa uffan. Da a gidan kallon unguwarmu ne, da tuni an cika wuri da "Bayanki! Bayanki, ke wawuya!" Ni na ɗan yi tsaki kawai, wata mata ta waigo ta harare ni kamar na yi magana liman yana huɗuba.

Sai fim ya juya. Aka koma baya aka nuna mana abin da yake faruwa bayan kyamara a cikin waɗancan mintuna 37. Ashe kai tsaye ake watsa wasan a talabijin, ba damar tsayawa. 'Yan wasa biyu sun yi hatsari a hanya, dole mai shirya wasan da matarsa suka maye gurbinsu. Wanda muka ga yana tangaɗi kamar gawa, ashe buguwa ya yi, wani ne yake tallafe da shi ta baya. Wanda ya fice ba dalili, ashe gudawa ce ta kama shi. Duk kuskuren da na yi wa tsaki, ashe wani bawan Allah ne a gefe yana gumi don ya rufa asiri. Yaya, na yi dariya har hawaye. Rabona da irin wannan dariya tun ina gida. Sai da aka kunna fitilu na tuna abin da nake wa dariya: gawa, da kan mutum yana gangarawa a ƙasa. Na yi istigfari.

A waje aka tsaya ana musu, kowa da nasa. Mutanen nan komai sai sun ba shi taurari, daga ɗaya zuwa biyar, har likita da mai aski. Wani ɗalibi mai ɗan kunne ya ce biyar, wai bai taɓa ganin wayo irin wannan ba. Wani dattijo ya ce biyu, shi tsoro ya biya kuɗi ya ji, aka sayar masa da raha. Ɗan Pakistan ya ce ɓata lokaci ne, amma ni na ji irin ƙyaƙyatawar da ya yi a kusa da ni. Ɗan Ibadan ya ce babu abin mamaki, ai a Legas ma C.J. Obasi ya yi Ojuju a 2014 da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, inda gurɓataccen ruwan unguwa yake mayar da mutane haka, sai dai nasa babu wasa a ciki. Sai wata tsohuwa mai sanda, wadda za ta yi sa'ar Inna, ta ce duk ba mu gane ba, fim ɗin ba na matattu ba ne, na uba ne da 'yarsa. Ta ce mijinta ya fi kowa son irin waɗannan finafinai, bara ya mutu, shi ya sa take zuwa ita kaɗai. Ta faɗi haka tana murmushi.

To a nan ne zan gaya maka abin da na daɗe ina haɗiyewa. Mutanen nan ba su ɗauki gawa a bakin komai ba. Yaya, ƙone ta suke yi. Kusan takwas cikin kowane goma da suka mutu a ƙasar nan, wuta ake sa musu tun a duniya. Kafin nan ma sai an ajiye mutum a firji sati biyu, wani lokaci uku, ana jiran ranar da ta dace da kowa, har a buga kati kamar na ɗaurin aure. A gidan tsofaffin da nake aiki, na sha ganin mutum ya cika da asuba, a rufe ƙofarsa, wasu mutum biyu masu baƙar kwat su zo su fitar da shi ta ƙofar baya, a ci gaba da raba shayi. Babu kuka, babu salati, babu maƙwabcin da zai bar sana'arsa ya ɗauki gatari da shebur. Kafin sati ya zagayo an yi wa ɗakin fenti, wani ya shiga.

Akwai wata tsohuwa a hawa na biyu. A kan kantarta, kusa da talabijin, akwai wata 'yar tukunya shuɗiya mai murfi. Wata guda ina goge mata ƙura, na ɗauka ta sukari ce. Rannan sai ta ce in yi a hankali da mijinta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Saura kaɗan ta kuɓuce mini. Na shiga banɗaki na wanke hannu har sau bakwai, ban ma san hukuncin abin ba. Mutum ɗan Adam, wanda Allah Ya karrama, a mayar da shi toka a ajiye kusa da rimot! Wasu a teku suke watsawa, wasu a gindin itace. Ina za a je a yi masa ziyara? Ina zai ji takun masu komawa? Mu da sarakunan Kabi suke kwance a gidan tarihi na Kanta, kowa ya san inda kakansa yake. Yaron da ya tashi yana ganin kakansa a cikin tukunya, me zai hana shi sa rigar ƙwarangwal ya roƙi alewa? Wallahi duk albashin duniya ba zai sa in yarda ɗana ya girma a kan wannan ba. In na mutu a nan, ga wasiyyata: akwai ɓangaren Musulmi a babbar maƙabartar kudancin gari, a kai ni can da gaggawa, kada a jira kowa.

Ba zan ce komai nasu banza ba ne. Albashi ba ya latti, wannan kam gaskiya ne. Motar asibiti tana zuwa ba tare da an tambayi ɗan wane ne ba. Tun Satumbar 2024, duk wanda ya mutu sai wani likita na daban, ko mai binciken mutuwa, ya duba abin da ya kashe shi kafin a ba da takarda. Wannan yana cikin abin da yake jawo jinkirin, kuma yana ba ni haushi. Amma wani lokaci nakan tuna 'yar Kawu da ta shiga haihuwa da ƙafarta aka fito da ita a makara, muka ce kwana ya ƙare, babu wanda ya tambayi kowa komai. Kwana ya ƙare, haka ne. Sai dai tambaya ba saɓo ba ce.

Kuma tsohuwar nan mai tukunya, kullum da safe sai ta gaishe shi, ta gaya masa yadda gari ya waye. Shekara shida ke nan. Ban ce daidai ba ne. Amma laifi tudu ne. Ni da nake wannan wa'azi, ina nake ranar da Baba ya rasu? Kun yi masa wanka, kun sallace shi bayan azahar, kafin la'asar kun dawo. Ni ina tsaye a ɗakin wanki na gidan wasu tsofaffin, Auta ya ɗaga mini waya, na ga makara tana rawa a allo, intanet tana yankewa. Da aka gama na share ido na koma na ba uban wani abinci a baki. Ko ƙasa ɗaya ban zuba ba.

Ɗan Ibadan ya ce asalin zombi daga Haiti ne, tun zamanin bauta. A can ba ya cizon kowa. Mutum ne da boka ya tayar daga kabari, ya raba shi da hayyacinsa, ya sa shi aikin gonar rake ba dare ba rana, ba ya tuna gidansu. Bayi sun fi tsoron wannan a kan mutuwa. Tun da ya faɗa mini, in na taso aikin dare na shiga bas ɗin ƙarfe bakwai, sai in riƙa kallon fuskokinmu: 'yan Najeriya, 'yan Zimbabuwe, 'yan Indiya, kowa ido a waya, ba mai gaida wani. Akwai ma wani fim na Turawan nan na 2004, Shaun of the Dead, inda jarumin ya je kanti ya dawo bai lura garin ya cika da gawawwaki ba, don ba su bambanta da mutanen kullum ba. Su dariya suke yi wa wannan. Ni ban yi ba.

Bari in ƙarasa maka fim ɗin. A ƙarshe ana son a ɗauki hoto daga sama, ga shi ƙarfen ɗaga kyamara ya faɗo ya lalace. Sai duk ma'aikatan suka durƙusa, wasu suka hau bayan wasu, har mashayin da mai gudawar, suna rawar jiki, suna zubewa suna sake hawa. Uban, wato mai shirya wasan, ya tsaya a can sama, ya ɗora 'yarsa a wuya, ita ta ɗaga kyamarar. Masu kallo a gida hoto mai kyau kawai suka gani.

Hoton da na turo muku da jaket a gaban jan bas, wanda Inna take nuna wa baƙi, irinsa ne. A ƙasansa akwai fadamar Baba, da awarwaron Inna da aka sayar, da kai da ka haɗa gida biyu a wuyanka, da matata da take kwana ita kaɗai wata goma sha tara. Na sani, Yaya. Ban manta a kan bayan wa nake tsaye ba. Waɗanda suka fita tun rabin awa ba su ga wannan ba, su har gobe za su ce shirme ne. Ku yi haƙuri da ni a kai ƙarshe.

Na turo kuɗi ta hannun da aka saba. A cire na makarantar Auta a Waziri Umaru, a kai Inna asibitin Sir Yahaya a duba ƙafar nan, kada ta ce ta warke. Abin da ya rage a sayi buhun gero a yi wa Baba sadaka. In ka je maƙabarta ranar Juma'a, ka gyara masa itacen da ke wajen kai, Auta ya ce ya karkace. Ka ajiye mini homata da gorana, kada yara su fasa, ban yafe kamun kifin Matan Fada ba tukuna.

Kada ka gaya wa Inna zancen tukunyar. Zancen silima ma ka bar shi tsakaninmu.

Wassalam. Ni ne ƙanenka.