Budurwar da ta ƙi saukowa daga bisa icce

A Kalifoniya, ƙasar Amurka, akwai wani ƙaton icce mai shekara wajen 1000. Kamfanin katako ya so sare shi. Ran 10 ga Disamba 1997, wata budurwa, Julia Hill, ta hau bisansa, ta ce ba ta saukowa. Da igiya ake aika mata abinci. Ta sha iska da sanyi. Ƴan jarida suka yi ta zuwa kallo. Sai da ta kwana 738, kamfanin ya sa hannu ya bar iccen, kana ta sauko.

Manomi, gawon gonarka taki ne, abincin bisashe ne. Ba sai ka hau shi ba. Ka hana masa gatari, ya isa.