Ɗanyen kifi a bakin kogin Isa

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina riƙe da alli, mafi yawansu ina koyar da tarihi da labarin ƙasa. Ban san sau nawa na ɗora sanda bisa taswira na nuna wa yara ƙasar Sin ba, har in ƙara musu da zancen nan na neman ilimi ko da a birnin Sin, wanda malaman hadisi suka raunana amma mu malaman lakwal muka ƙi saki. Duk da haka, sai da furfura ta gama cin kaina kafin in zauna in ci abincin mutanen, kuma ba a birnin Sin ba, a nan Yamai, cikin wani lungu na unguwar Filato.

Wani tsohon ɗalibina ne ya ja ni. Na koyar da shi a Tawa, daga baya ya samu guraben karatun da gwamnatin Sin take bai wa ɗalibanmu, ya dawo yana aikin tafinta. Ya zo har gida ya ce: «Mushe, yau ni zan ciyar da ku, kai da Inna.» Mai karatu na Najeriya ya yi haƙuri, mushe a bakin yaranmu shi ne malamin makaranta, daga Faransanci muka aro. Sai dai a wannan dare kalmar ta yi mini nauyi, domin ɗayan mushen, wato dabbar da ba a yanka ba, shi ne abin da nake tsoron in taras cikin kwano.

Daga Haro Banda muka taso bayan magariba, muka hau gada ta biyu, wadda Sinawa suka gina aka buɗe a 2011. A kan hanya na yi ta lissafi a zuci. Babban filin wasa na Seyni Kountché, nasu ne aikin. Matatar mai ta Damagaram da ta soma aiki a 2011, su ne. Gada ta uku da aka buɗe a 2021, su ne. Tun 1974 muka ƙulla hulɗa da su, muka juya wajen Taiwan a 1992, muka komo a 1996. Kullum muna taka abin da hannunsu ya gina, amma a cikin abokaina malamai ban san ko mutum guda da ya taɓa haɗa kwano da Basine ba.

Gidan abincin ba wani babba ba ne. Gida ne irin na haya, an rataya jajayen fitilu biyu a ƙofa, tebura ba su wuce goma ba, fanka tana kaɗawa, injin wuta yana gurnani a bayan gida. Aka kawo takardar abinci da rubutu iri biyu, Faransanci da nasu. Na duba farashi na yi shiru: faranti guda ya kai jika bakwai, kuɗin da zai ciyar da gidana dambu da kopto har a kai wa maƙwabta. Ɗalibina ya lura, ya janye takardar daga hannuna cikin ladabi.

A shafin ƙarshe ne na ga hoton wasu ƴan dunƙulen shinkafa, kowanne da yankan jan kifi a kai. Na ce, to, ga abincin Sinawa na asali. Yaron ya yi murmushin da ɗalibi yake yi in ya kama malaminsa da kuskure. Ya ce: «Mushe, wannan sushi ne, na mutanen Japan ne. Mai gidan nan bai tashi da cin sa ba, kamar yadda kai ma ba ka tashi da shi ba. Masu kuɗin garin ne suke nema, shi ya sa yake sayarwa.» Ya ƙara da cewa ko a Paris, da yawa daga cikin gidajen sushi ƴan asalin Sin ne suke riƙe da su.

Nan kunya ta rufe ni, kuma ba ta wannan dare kaɗai ba ce. A 2004 hukumar JICA ta Japan ta soma shirin nan na makaranta don kowa a jihar Tawa, wanda ya ƙarfafa kwamitocin iyaye da malamai da muke kira COGES. Duk malamin da ya yi aiki a yankin a lokacin ya san shi. In baƙin suka shigo farfajiyar lakwal, yara sukan bi su da ihun «shinuwa, shinuwa», ni kuwa ina tsaye, malamin tarihi, ban taɓa gyara musu ba. Alhali na san ƙasashen biyu daban suke, da harshe daban, na kuma san yaƙin da Japan ta afka wa Sin da shi a 1937 da tabon da ya bari har yau. Ni ne kuma mutumin da yakan fusata in wani baƙo ya kasa bambanta Nijar da Najeriya. Ashe rashin kula ba shi da ƙabila.

Kafin a kawo komai, na yi tambayar da ta kawo ni: me ke cikin tukunya? Mai gidan Faransancinsa kaɗan ne, sai ya leƙa madafa ya yi kira. Wanda ya fito saurayi ne baƙi wuluk, da farar hula, ya durƙusa ya gaishe mu da Hausar Arewa, irin ta Dogon Dutsi. Shekara shida ke nan yana dafa abinci a gidan. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce akwai naman alade a gidan, da tukunyarsa daban; akwai miyar da ake ɗiga wa giyar shinkafa, ya nuna mini su da yatsa ya ce in bar su. Naman sa da kaji kuwa shi da kansa yake sayowa wajen mahauta. Game da kifi ban buƙaci fatawa ba, tunda a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke cikin ruwa ba ya bukatar yanka. Hankalina ya kwanta. Amma daga baya abin ya dame ni: ban yarda da gidan ba sai da na ji harshena a cikinsa. Da mai gidan ne ya faɗa mini waɗannan kalmomi ɗin, da na yarda? Har yanzu ina juya tambayar.

Aka fara jera kwanoni a tsakiya, kowa ya miƙa hannu ya ɗiba, abin da ya fi kama da cin abincinmu fiye da na Turawa, inda kowa yake tsare farantinsa. Tsinkayen nan biyu da suke ci da su kam sun gagare ni, na roƙi cokali. Uwargida ce ta fara gane wani abu. Ta ɗauki wani farin yanki mai laushi daga cikin jar miya, ta tauna, ta dube ni ta ce: «Malam, wannan ai awara ce. Awarar da ƴan mata suke soyawa a ƙofar lakwal, ita aka kawo mu ci a jika bakwai?» Gaskiyarta. Cukun waken suya ɗaruruwan shekaru ya yi a ƙasar Sin kafin ya iso mu, mu kuwa muka soya shi, muka barbaɗa yaji, muka manta baƙo ne. Baƙin romon da suke tsoma komai a ciki shi ma waken suya ne da aka bari ya ruɓa da gishiri. Duk wanda ya girma da daddawa ba shi da bakin yi musu dariya.

Sushi ne ya zo a ƙarshe, guda shida a kan ɗan katako, da yankakkiyar citta da wani koren yaji mai hawa hanci. Na tambayi saurayin ko giwan ruwa ne na kogin nan. Ya girgiza kai, ya ce kifin kogi ba a cin sa ɗanye saboda tsutsotsin da yake ɗauke da su. Wannan daga teku ya zo, a daskare. Na yi tunanin tafiyar da ya sha. Teku mafi kusa da mu, a Kwatano, ta kai wajen kilomita 1000, kuma bayan rufe iyaka da Benin a 2023 kaya da yawa suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Ga mu zaune a bakin kogin da Sorkawa suke fid da tarwaɗa da karfasa kowace safiya, muna jiran kifin da ya ratso ƙasashe cikin ƙanƙara. Ɗalibina ya ce ko a Japan wannan jan kifin baƙo ne a kan shinkafa, mutanen Norway ne suka tallata musu shi a shekarun 1980.

Na yi bisimilla na sa a baki. Shinkafar da ɗan tsami, kifin da sanyi da maiƙo, ba ƙarni kamar yadda na zata. Ba zan yi ƙarya in ce ya fi mini gasasshen kifin bakin gada ba. Na ci biyu. Uwargida ta ce ita abin da bai ga wuta ba bai ga cikinta ba. Na tuna mata cewa kilishi ma ɗanye ake shanya shi. Ta ce ai daga baya ana gasa shi, in bar zancen.

Muna shirin tashi matar mai gidan ta fito da ƴar buta, ta zuba mana shayi a ƙananan kofuna, ba sukari, ba kumfa. Ganyen kuwa ɗan'uwan wanda samari suke dafawa hawa uku a kowace fada ta Yamai ne, wanda kwalinsa yake ɗauke da sunan ƙasar Sin ba wanda ya damu ya karanta. Na nuna kofin, na sa ɗalibina ya tambaye ta sunansa. Ta ce «ca». Na ce mata mu «shayi» muke cewa, kalmar da ta biyo ta bakin Farisawa da Larabawa kafin ta sauka a namu. Ta maimaita, ta yi dariya, ta ƙara mini. Wannan ita ce duk hirar da na yi da mutanen gidan.

Uwargida ta sa aka ƙulle mata ragowar awarar a leda. Da safe ta tsame ta daga miyar, ta soya da mai, ta barbaɗa yajin ƙuli, jikoki suka cinye kafin su tafi lakwal.