Abin da Dutse Ya Koya Mini

Ni ma a kan waɗannan benci-benci na zauna, kuma da hukumar makaranta ta nemi tsofaffin ɗalibai su rubuto abin da suka gani a gaba, sai na ce bari in ba ku labarin darasin da ya fara kayar da ni a jami'a.

Likita na so zama. Da sunaye suka fito, sai na ga an tura ni sashen Jiyoloji, wato ilimin ƙasa da duwatsu. Ran nan ban ci tuwo ba. Inna ta dube ni ta ce, "Yanzu ke duk karatun nan, dutse za ki je ki karanta? To ga su nan bayan gida, ki ɗebo mana mu huta da kuɗin mota." Kowa ya yi dariya, ban da Baba. Shi cewa ya yi, "Je ki dai, uwata. In kin gano dalilin da ya sa rijiyata ta ƙi ruwa, kin biya ni."

Maganar rijiyar nan ba ta wasa ba ce. Ƙauyenmu yana kudancin Kano, kuma tun ina 'yar shekara bakwai nake ɗaukar tulu zuwa rafi kafin in zo makarantar safe. Sau biyu Baba yana sayar da tumaki ya sa a haƙa mana rijiya a tsakar gida, sau biyun ana cin karo da fa, diga na ta da wuta, ba ko danshi. Ga gidan Baffa, ƙanin Baba, ba nisa, rijiyarsa cike har bazara. Sai mutane suka fara ƙus-ƙus, wai da hannu a ciki. Tun Baba yana toshe kunne har maganar ta shige shi. Shekara uku ba ya taka ƙofar gidan ɗan'uwansa sai gaisuwar Sallah, ita ma a tsaitsaye.

Da muka fara darasin share fage, na ce wannan ai mai sauƙi ne. Ni da na saba da hadda, me zai gagare ni? Na haddace cewa duwatsu iri uku ne. Akwai wanda ya narke a cikin ƙasa sannan ya huce ya daskare, kamar giranit. Akwai wanda yashi da laka da ɓawon halittun ruwa suka kwanta hawa-hawa suka danƙare suka zama shi. Akwai kuma wanda zafi da danniya suka sauya masa kama. Na haddace ma'aunin taurin ma'adinai da wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10, lu'ulu'u ne a sama. Ko cikin barci aka tashe ni zan karanto.

Sai ranar gwajin farko ta zo. Muka shiga ɗaki, ba takardar tambaya, sai tire ashirin a jere, kowanne da ɗan dutse a ciki, a gefe ga ƙusa, ga gutsuren gilashi, ga kwalbar ruwan asid mai rauni. Aka ce minti biyu kowane tire, a rubuta sunan dutsen da dalili. Wallahi duk iri ɗaya na gan su. Na ci 5 cikin 20. Ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba sai ran nan, kuma a bayan ɗakin karatu na ɓuya na sha kuka.

Washegari na sami malaminmu na ce, "Malam, na karanta komai fa." Ya ce, "Na sani. Littafi kika karanta, dutsen fa kin tambaye shi?" Ya miƙo mini fararen duwatsu biyu masu kama da juna, ya ce in karce gilashi da su. Ɗaya ya yanki gilashin, ɗaya ya kasa. Ya ce in ɗiga asid. Wanda ya kasa ɗin ya yi ta kumfa, ɗayan ko gezau. Na farko ƙanƙara ce, taurinta 7, gilashi kuwa kimanin biyar da rabi. Na biyu dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake yin siminti da shi. Daga ranar na gane hadda tana da wurinta, amma a nan sai an haɗa da ido da hannu. Na shiga zuwa ɗakin duwatsun kullum bayan la'asar, ina karcewa, ina ɗigawa, ina rubuta abin da na gani kafin in duba littafi.

Wani dutse da ba na mantawa shi ne wanda aka kawo daga Kalambaina, kusa da Sakkwato, inda masana'antar siminti take. A jikinsa ga ɓawon ƙananan halittun teku, raɗau. Tsakanin Sakkwato da bakin teku ya fi kilomita 700, to me ya kai su can? Malam ya ce kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce wani teku marar zurfi ya rufe wannan yanki, ya bi ta Nijar da Mali. Wani a aji ya ce, "Malam, wannan ai zancen Turawa ne." Malam ya yi murmushi ya ce ya je ya nemi Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, domin a littafinsa Kitabus Shifa ya yi bayanin yadda laka ke zama dutse da yadda ruwa da iska ke cin tsaunuka. Ashe kallon ƙasa da neman dalili tsohon aiki ne.

Akwai kuma ranar da aka miƙo mana wani dutse mai nauyi, mai ƙyalli, launin toka. Muna gani mu mata muka ce, "Kwalli!" Malam ya ce haka ne, sunansa galina, kuma daga cikinsa ake fitar da dalma. Ya tuna mana abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da aka riƙa dakan dutsen zinariya mai haɗe da dalma a cikin gidaje, ƙurar ta kashe yara fiye da 400. Iyayenmu mata, don Allah a kiyaye sa wa jarirai irin wannan kwalli na dutse, domin yaro yana murza ido ya kai hannu baki.

A makon da aka zo kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, ji na yi kamar da gidanmu ake magana. Ƙasar kudancin Kano da Zariya tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, giranit ɗinsa ya kai wajen shekara miliyan 600. Shi wannan dutse ba ya shan ruwa. Amma ruwan sama yana cin samansa a hankali, wani ɓangarensa ya ruɓe ya zama yumɓu, ƙanƙarar ciki ta rage ta zama yashi. A cikin wannan ruɓaɓɓen dutse da cikin tsage-tsagen da ke ƙasansa ruwa yake taruwa. Kaurin ruɓaɓɓen ba ɗaya ba ne: wani wuri bai fi mita biyu ba, ka matsa kaɗan ka tarar ya wuce ashirin. Shi ya sa gida biyu na maƙwabtaka, ɗaya ya sami ruwa, ɗaya ya tarar da fa. A Barno kuwa, inda yashi da yumɓu suka kwanta hawa-hawa a kwarin Cadi, akwai rijiyoyin burtsatse da aka haƙa a shekarun 1960 waɗanda ruwa ya riƙa fitowa da kansa ba famfo.

Da aka yi hutu, na ɗauki igiya na auna. Gidanmu yana kan tudu, ga falalen dutse ya leƙo a bayan danga. Gidan Baffa yana gangare, wajen fadama. Da dare na zauna gaban Baba, na kife ƙwarya a cikin tire, na zuba yashi a kai, na kwarara ruwa. Yashin saman ƙwaryar ya tsane, ruwan ya taru a gefe. Na ce, "Baba, mu ne a saman ƙwaryar nan, Baffa ne a gefe. Ba wanda ya yi mana komai." Ya daɗe yana kallon tiren bai ce uffan ba.

Da safe ya aika a kira tsohon da ke haƙar rijiya a garinmu. Ni kuwa ina ta ɗoki in nuna ilimi, har da bayanin na'urar da ake kafa ƙarafa a tura lantarki cikin ƙasa, domin jiƙaƙƙen wuri ya fi busasshen dutse barin wuta ta wuce. Tsohon ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "'Yar nan, ai tun haƙan farko na gaya wa mahaifinki. Na ce mu gangara wajen ɓauren can da bai taɓa kaɗe ganye ba, ya ce shi a tsakar gida yake so." Baba ya sunkuyar da kai, ni ma kunya ta rufe ni. Abin da na sha wahalar zango guda kafin in gane, shi shekara arba'in yana karanta shi da diga.

An haƙa ta uku a gindin gonarmu, kusa da ɓauren, an kuma sami ruwa. Ba zan yi muku ƙarya ba, idan bazara ta tsananta yana ja da baya, sai an jira ya taru. Amma ƙannena ba sa zuwa rafi da asuba yanzu. Ranar da aka fara jan ruwan, Baba da kansa ya cika tulu ya ɗauka ya nufi gidan Baffa. Abin da suka ce wa juna a soro ban ji ba, na dai ga an kai musu fura sau biyu.

Jarrabawar ƙarshe na ci, ba da makin da na saba ba, amma na san kowane maki daga ina ya zo. To ƙannena, in an ba ku fannin da ba shi kuka nema ba, kada ku yi saurin raina shi. Ku riƙe haddarku, ku haɗa da dubawa da tambaya, kuma in kun dawo gida da sabon ilimi ku fara jin ta bakin tsofaffi. Inna har yau "Mai Duwatsu" take kira na, sai dai yanzu duk dutsen da ta tsinta a hanyar gona a bakin zane take ƙullo mini shi.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani. Wassalam.