Jan Fenti A Bangon Gidana

Ran wata Laraba da la'asar, ina ofis ina gyaran labarin da za a buga, sai mai ɗakina ta yi mini waya, muryarta tana rawa. Ta ce wasu mutum uku sun zo cikin mota, sun shafa jan fenti a jikin ginin da muke yi a ƙofar gida, sun bar takarda, sun tafi. Da na iso na karanta, sai na ga an ɗibar mini wa'adi in rushe ginin da hannuna, in kuwa na ƙi, katafila za ta zo ta yi mini.

Ginin nan ba wani abin a zo a gani ba ne. Shaguna biyu ne na tayar a gaban gidan, da niyyar in sa haya, kuɗin ya riƙa zuwa wa mahaifiyata, wadda ta dawo hannuna bayan rasuwar mahaifinmu. Fulotin ƙafa 50 ne da ƙafa 100, na saye shi da gumina, na shekara huɗu ina tara bulo kafin in buga kwano. Saboda haka washegari na nufi ofishin masu tsara gari da fushina.

Wani dattijo na tarar, ya shimfiɗa taswira a kan tebur, ya nuna mini laifina guda biyu. Na farko, unguwar tamu an keɓe ta don gidajen zama ne kaɗai, ba don ciniki ba. Na biyu, sai an bar tazarar ƙafa 20 tsakanin bakin hanya da gini, ni kuwa na kai bango har bakin lambatu. Na ce, "Yallaɓai, ashe filin ba nawa ba ne?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, an ce kai ɗan jarida ne. Koma gida ka karanta takardarka."

Na karanta, kunya ta kama ni, domin tun ranar da aka ba ni ita na jefa ta ƙasan akwati ban sake dubawa ba. Abin da muke kira takardar shaidar mallaka, ashe izinin zama ne na shekara 99, kuma an rubuta ɓaro-ɓaro cewa don gidan zama aka ba ni.

Asalin maganar, mai karatu, yana cikin Dokar Amfani da Ƙasa wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa ran 29 ga Maris, 1978. Dokar ta danƙa dukan ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana a madadin jama'a. Ba ka sayar da filinka ko ka jinginar da shi sai da amincewarsa. Yana da ikon ya karɓe shi in za a yi aikin da zai amfani jama'a, diyyar kuwa ta abin da ka gina ce ko ka shuka, ba ta ƙasar ba. Haka kuma in ka saɓa sharaɗin da ke cikin takardarka, ya isa a soke ta. An kuma cusa dokar cikin tsarin mulki, don kada a taɓa ta cikin sauƙi. Mu mutanen Arewa ma abin bai kamata ya zame mana baƙo ba, tun da Turawa sun sa ƙasarmu a hannun Gwamna tun cikin 1910. Game da tsara birane kuwa, an yi dokar tarayya cikin 1992, amma cikin 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, cewa wannan hurumin jihohi ne. Watau abin da aka yarda da shi a wata jiha, yana iya zama laifi a maƙwabciyarta.

Duk da na fahimci wannan, zuciyata ba ta sauko ba. Abin da ya saukar da ita wani abu ne dabam. Bayan wata uku, maƙwabcina na bayan gida ya kwashe iyalinsa, ya mai da gidan masana'antar ruwan leda. Ya girke ƙaton janareta daf da bangon ɗakin mahaifiyata, motoci suka kashe mana lungu, ruwa ya fara kwanciya a gindin katanga. Na same shi na ce, "Alhaji, a duba hakkin maƙwabtaka mana." Ya amsa mini da kalmomin da na faɗa wa dattijon nan, ko harafi bai canja ba: filinsa ne, da kuɗinsa ya saya. Daren nan na zauna na rubuta takardar koke zuwa ofishin da nake zagi, ina roƙon a aiwatar da dokar da ta hana ni gina shago.

Nan na gane cewa abin da nake so shi ne doka ta ɗaure maƙwabcina, ni ta sake ni, kuma ina jin yawancinmu haka muke. Alhali kuwa iyaka ga mai gida ba Turawa suka kawo mana ita ba. A garuruwanmu na dā, marina da majema da maƙera kowanne da wurinsa. Ba wanda zai juya indararonsa ya zuba a tsakar gidan wani, kuma littattafan fiƙihun Malikiyya da aka karantar da mu a zaure sun hana mutum ya buɗe tagar da za ta leƙa gidan maƙwabcinsa. Amma fa wancan tsari kowa ya san shi tun yana yaro, mai unguwar da zai yi hukunci kuma a cikin unguwar yake kwana.

Tsarin zamani shi ne aka haifa da son kai. Dokar birane ta Lugard ta 1917 ta raba gari ne don jin daɗin Bature, har aka riƙa barin fili mai faɗin yadi 440 tsakanin Bariki da unguwannin baƙar fata, wai don kada sauro ya ƙetara. Turawa sun tafi, halin bai tafi ba. Cikin Yuli 1990 gwamnatin Kanar Raji Rasaki ta ba mazauna Maroko a Legas wa'adin kwana bakwai, ta baje unguwar, aka ƙiyasta mutum wajen 300,000 suka rasa matsuguni, yau kuwa gidajen masu hannu da shuni ne a wurin. A Abuja, wanda ya bi titin Aminu Kano a Wuse zai ga yadda gidajen zama suka rikiɗe suka koma bankuna da kantuna, hukuma ta bi baya da maganar tara da canjin takarda. Mai ƙarfi ya biya ya zauna, talaka ya ga katafila.

Ni ba na neman a soke ƙa'ida, domin na kwana kusa da janareta na san amfaninta. Abin da nake nema shi ne a sanar da mutum ita kafin ya zuba siminti. Me zai hana a liƙa taswirar kowace unguwa a ƙofar gidan mai unguwa, a fassara sharuɗɗan cikin harshen da dillali da magini suke ji? Ma'aikatan da suka iya gano bangona bayan ya kai linta, ina suke lokacin da ake haƙa harsashi? Kuma in an shafa wa shagon talaka fenti, a shafa wa masana'antar mai kuɗi da gwangwani ɗaya.

Na rushe shagunan da hannuna, na tsince bulon da bai fashe ba na jera a tsakar gida. Mahaifiyata ta zauna a kan tabarma tana kallo, ba ta ce kome ba sai da na gama, sa'an nan ta ce in mai da gadonta ɗakin da ke nesa da bangon Alhaji. Takardar kokena ta yi wata biyar a ofishin. Duk sa'ad da na je, sai a ce mini fayil yana kan teburin maigida.