Jitar Bariton: Ɗaurin Tsirkiyarta Da Amfaninta

A cikin kayan kiɗan da Turawa suka ƙaga akwai wata jita wadda makaɗa da yawa suke yi wa kallon jemage, ita ba tsuntsu ba, ita ba dabba ba. Sunanta bariton. An aro mata sunan ne daga muryar namiji wadda ke tsaka-tsaki, watau ba ta kai siririyar murya tashi ba, ba ta kuma kai ta mai kauri ƙwarai nutsewa ba. Tsirkiyarta shida kamar jitar da kowa ya sani, amma wuyanta ya fi tsawo, tsarkiyoyinta sun fi kauri, amonta kuwa yana zaune ne tsakanin jitar yau da kullum da jitar bes. Shekara tara ke nan ina kaɗa ta tare da 'yan ƙungiyarmu a nan Ikko, kuma har yau samarin da ke zuwa kallon gwajinmu ba su daina tambayata ba, wai me ya sa mutum zai ɓata kuɗinsa a kan abin da zai iya samu idan ya sassauta tsirkiyar jitar da yake da ita. Tambayar tana da ma'ana, saboda haka ta cancanci amsa mai hujja.

Duk wanda ya taɓa riƙe molo ko garaya ya san abu uku ne ke hukunta muryar tsirkiya: tsawonta, da kaurinta, da ƙarfin ɗaurinta. Doguwa ta fi gajera kaurin murya, mai kauri ta fi siririya, sakakkiya kuma ta fi ɗaurarriya. Wani malamin Faransa mai suna Marin Mersenne ya rubuta lissafin wannan al'amari tun cikin 1636, kuma da lissafinsa maƙeran jita suke aiki har yanzu.

Jitar yau da kullum ana ɗaure ta ne, daga babbar tsirkiya zuwa ƙarama, a kan sautukan da ake rubutawa E, A, D, G, B, E. Babbar tana karkarwa kimanin sau 82 a cikin daƙiƙa guda. Ita bariton, ɗaurin da aka fi yi mata shi ne B, E, A, D, F#, B, watau kowace tsirkiya an saukar da ita gaɓa biyar, har babbar ta koma karkarwa sau 62. Waɗansu sukan ƙara nutsewa su ɗaure ta A, D, G, C, E, A, inda babbar ke karkarwa sau 55, waɗansu kuma su tsaya a kan C. Jitar bes tana can ƙasa, a kan sau 41.

To, a nan ne amsar samarin nan take. Bisa lissafin Mersenne, in ka ɗauki jitarka ka sassauta ta daga E zuwa B, ƙarfin ɗaurin tsirkiyar ba kashi ɗaya cikin huɗu yake raguwa ba kamar yadda karkarwar ta ragu, a'a, abin da zai saura kashi 9 ne cikin 16, watau kaɗan ya ɗara rabi. In kuwa A ka nufa, saura kashi 4 cikin 9, bai ma kai rabi ba. Tsirkiyar da ta rasa rabin ƙarfinta sai ta zama kamar igiyar shanya da ruwa ya daka. Ka kaɗa ta da ƙarfi, muryar ta haura sama kafin ta dawo mazauninta. Ka danna ta da yatsa, ta karkace. Ka sake ta, ta riƙa dukan ƙarafan wuya tana zuza. In ana so a bar tsirkiyar yadda take da kaurinta da ƙarfin ɗaurinta, a kuma sami B, lalle ne a ƙara mata tsawo da kashi ɗaya cikin uku. Tsirkiyar jitar Fender, daga jaki zuwa ɗan ƙashin da ke gindin kai, inci 25 da rabi ce. Ƙara mata kashi ɗaya cikin uku, sai ka sami inci 34 daidai, wanda shi ne tsawon jitar bes, kuma babu yatsun da za su haɗa sautuka uku ko huɗu cikin sauƙi a kan wuya irin wannan. Saboda haka maƙera suka raba nauyin gida biyu: suka ƙara tsawo kaɗan, galibi inci 27 zuwa 30, suka cike sauran da kaurin tsirkiya. Inda jitar lantarki ta yau da kullum ke ɗaukar babbar tsirkiya mai kaurin kashi 46 cikin dubu na inci, bariton takan ɗauki mai 62 ko 68. Wannan sulhu shi ne bariton ɗungurungum.

Asalin ta lantarkin a Amurka yake. Kamfanin Danelectro, wanda Nathan Daniel ya kafa cikin 1947, shi ya fito da jita mai tsirkiya shida da dogon wuya cikin 1956. Kamfani ne na kayan talakawa, yana yin gangar jikin jita da katakon kwali matsattse, yana kuma cusa na'urar ɗaukar sauti a cikin kwanson jan-baki na mata, amma arahar ba ta hana manyan makaɗa rububinta ba. Fender ta biyo baya cikin 1961 da wadda ta kira Bass VI, mai inci 30. Ya kamata mai karatu ya lura cewa waɗannan biyu an ƙera su ne don a ɗaure su E zuwa E, daidai da zurfin bes, don haka in za a bi ƙa'ida yayyen bariton ne, ba ita kanta ba. Makaɗa dai ba su cika damuwa da wannan bambanci ba, sukan haɗa su duka a zuriya ɗaya.

Aikin da aka fara ba su a birnin Nashville yana da ban sha'awa. A zamanin nan babban bes na katako, wanda ake kaɗawa a tsaye, ba ya fita sosai a ƙananan lasifikokin rediyo. Sai masu ɗaukar faifai suka riƙa sa wani makaɗi ya bi sawun mai bes sauti da sauti a kan Danelectro, yana danne tsirkiyar da gefen tafinsa don ta ba da ɗan ƙas-ƙas. Suka sa wa salon suna tik-tak. Harold Bradley ya yi suna a kansa, kuma shi ne ya kaɗa shi a waƙar Patsy Cline mai suna Crazy cikin 1961. Mai saurare ba ya sanin akwai jita ta biyu a wurin, abin da kawai yake ji shi ne bes ɗin ya fito fili.

Ni kuwa inda na fara jin wannan murya ta tsaya da ƙafarta shi ne a waƙar Glen Campbell ta 1968, Wichita Lineman, wadda Jimmy Webb ya tsara. A tsakiyar waƙar mawaƙin yakan yi shiru, sai wata jita mai kaurin murya ta maimaita karin a hankali, kamar dattijo yana amsa wa yaro. Carol Kaye, gwanar bes wadda ta yi kiɗa a faifan, ta ba da labarin cewa Danelectro ɗinta ce ta ara masa. Babu gaggawa a wannan kiɗa, babu nuna gwaninta, amma duk wanda ya ji shi sau ɗaya ba ya mantawa. Tun daga wajen 1990 masu kiɗan ƙarfe mai amon tsawa su ma suka rungumi dogon wuya don neman ruri. Wannan ba abincin kunnena ba ne, sai dai su ne suka sa kamfanoni suka dawo da ƙera ta da yawa, har farashinta ya sauko inda irina zai iya kaiwa. Wanda ya nuna iyakar abin da ta katako za ta iya shi ne Pat Metheny, a faifansa na 2003, One Quiet Night, wanda ya ɗauka shi kaɗai a gidansa da jitar da Linda Manzer ta ƙasar Kanada ta ƙera masa. Ya canza tsarkiyoyi biyu na tsakiya da sirara masu tashi sama, ya zama jita ɗaya tana magana da murya biyu. Faifan ya ci lambar Grammy.

Abin da ya kai ni gare ta bai kai wannan girma ba. Da shekaru suka fara turawa, sai muryata ta daina kaiwa inda take kaiwa a dā. Waƙoƙin da na yi shekara ashirin ina rerawa suka zama sai na miƙe wuya, jijiya ta tashi, kafin in cim ma ƙololuwarsu. Hanya biyu ce a gabana: ko in sake koyon kowace waƙa da sabon tsarin yatsu, wanda zai ɓata mini duk 'yan kwalliyar da hannuna ya saba da su, ko in bar wa yara waƙar in koma gefe. Bariton ta buɗe ta uku. Da yake tazarar da ke tsakanin tsarkiyoyinta daidai take da ta jitar yau da kullum, yatsu ba sa koyon kome sabo. Ka kama abin da hannunka ya sani a matsayin C, kunne ya ji G. Ka kama G, a ji D. Ka kama E, a ji B. Waƙa ta sauko gaɓa biyar ba tare da na canza ko da ɗan yatsa ɗaya ba. In kuma wata waƙar tana bukatar ɗaurin da aka saba, sai in ɗaura ɗan ƙarfen matsin nan da ake kira kafo a gaɓa ta biyar, jitar ta koma E, A, D, G, B, E. Kafo yana iya ɗaga kowace jita sama, amma babu ƙarfen da zai iya saukar da ita ƙasa.

Amfani na biyu sai a cikin ƙungiya ake ganinsa. Jita biyu masu ɗauri iri ɗaya kamar mutum biyu ne a kan tabarma ɗaya, kullum ana taka juna. Da na koma bariton, abokin kiɗana ya sami sararin sama shi kaɗai, ni kuma na zauna tsakaninsa da mai bes. Amma a nan akwai sharaɗi, kuma shi ne inda sababbin shiga suke faɗuwa. Sautuka masu zurfi in aka tara su da yawa a lokaci guda sukan cakuɗe su zama laka. Mai bariton da ya ce zai riƙa share tsirkiya shida gaba ɗaya, kamar yadda ake yi da ƙaramar jita, zai dagula wa mai bes lissafi, ya kuma binne muryar mawaƙi. Sauti biyu ko uku sun isa, ko kuwa kari guda ɗaya a kan manyan tsarkiyoyi. Ni da mai bes ɗinmu mun yi yarjejeniya tun farko: in yana tafiya ni ina tsaye, in na ɗauki kari shi ya riƙe sauti ɗaya.

Game da ɗaurin kansa, ga wata dabara ga wanda ba shi da na'urar saiti, ko kuwa tasa irin wadda ta san sautuka shida kaɗai ce. Jitar abokinka ta isa. Tsirkiyarka ta biyar ita ce tasa ta shida, taka ta huɗu tasa ta biyar, taka ta uku tasa ta huɗu, ƙaramarka kuma daidai take da tasa ta biyu. Saura biyu: ta biyunka tana ƙasa da tasa ta uku da gaɓa ɗaya tak, babbar kuwa sai ka danna ta a gaɓa ta biyar ka daidaita ta da ta biyar ɗinka. Bayan haka a gwada kowace tsirkiya a gaɓa ta 12. In ta yi sama da yadda ya kamata, a ja jaki baya kaɗan.

Masu son su sa wa jitarsu ta yau da kullum manyan tsarkiyoyi don gudun sayen wata, ban ce ba ya yiwuwa ba. Har zuwa C yana tafiya lami lafiya. Sai dai dole a faɗaɗa tsagogin ɗan ƙashin nan na gindin kai, a kuma sake daidaita sandar ƙarfen da ke cikin wuya, kuma tsagar da aka faɗaɗa ba ta komawa yadda take, don haka aikin gwani ne. Muryar ma ba za ta yi tsabtar ta dogon wuya ba, domin gajeriyar tsirkiya mai kauri tana da taurin kai, amonta a dushe yake fita.

Wahalar da ba ta da magani a wajenmu ita ce samun tsirkiya. Kantunan kayan kiɗa kaɗan ne suke ajiye ta bariton, ga shi kuma damshin bakin teku yana cin ƙarfe da wuri. Nakan yi sautu uku-uku duk sa'ad da wani zai dawo daga waje, in goge tsarkiyoyi da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa. In kuma aiki ya kai mu Arewa lokacin hunturu, jitar ba ta kwana a waje da akwatinta, domin dogon wuya ya fi gajere saurin lanƙwasa in katako ya bushe.