Kafin ka saya wa yara ɗan kunkuru a ƙasar sanyi

Tunda na sa hoton kunkurun gidanmu makon jiya, 'yan uwa mazauna nan Ingila da Jamus da Kanada suke ta turo min saƙo, tambayar duk ɗaya ce: a ina ake sayar da shi, nawa ne, yara sun gani sun ce suna so. Maimakon in bi kowa ɗaya bayan ɗaya, bari in rubuta a nan, musamman yanzu da sanyi ya kankama kuma takardar kuɗin wuta ta fara zuwa da nauyinta.

Namu dai ba saya muka yi ba. Wani maƙwabcinmu Bature ne ya saya wa ɗansa, yaron ya yi wata shida yana murna sannan ya koma kan wasan kwamfuta. Da uban ya ji daga arewacin Najeriya nake, sai ya kawo min shi a kwali, wai ai ɗan garinmu ne. Kuma bai yi ƙarya ba. Irin da aka fi tallatawa da sunan sulkata kunkurun Sahel ne, daga Senegal zuwa Mali, Nijar, arewacin Najeriya, Chadi, har Sudan. Shi ne wanda muka taso muna gani a tsakar gidan wasu masu hali da fadar sarakuna, yana bin gindin katanga, ana watsa masa ganye, yara na hawan bayansa in babba ba ya kusa. A gida babu wanda ke tunanin wahalar kiwonsa, saboda rana ce ke yin rabin aikin kyauta.

To a nan ranar ce babu. A watan Disamba a arewacin Ingila kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi, in ma ta fito ke nan. Kunkuru kuwa jikinsa ba ya samar da ɗumi da kansa kamar namu, zafin wurin da yake shi ne zafin jikinsa. In wuri ya yi sanyi ba ya iya narkar da abinci, sai ya daina ci, hanci ya fara yoyo, ciwon huhu ya biyo baya. Don haka dole ka gina masa Sahel a cikin ɗaki: fitilar zafi a gefe guda da za ta kai wurin digiri 33 zuwa 35, ɗaya gefen da ɗan sauƙi don ya riƙa komawa in zafi ya ishe shi, da dare kuma hita mai na'urar daidaita zafi. Kullum, har ranar sallah, har ranar da kuka yi tafiya.

Akwai fitila ta biyu, kuma ita ce mutane suka fi raina wa. Hasken rana yana ɗauke da wani sashe da ido ba ya gani, ana kiransa UVB, da shi jikin kunkuru ke haɗa bitamin D3, da shi kuma yake iya amfani da kalsiyam ɗin da ya ci ya gina ƙashi da ƙoƙon bayansa. Gilashin taga yana tare wannan hasken, saboda haka ajiye shi a bakin taga ba ya maganin komai. In ya rasa shi, ƙoƙon sai ya yi laushi, ƙafafu su kasa ɗaukarsa, kuma kafin ka lura abin ya yi nisa. Ƙwan fitilar ma yana da tasa yaudarar: zai ci gaba da haske garau bayan ƙarfinsa ya ƙare, shi ya sa ake canja shi bayan wata shida zuwa shekara, gwargwadon irinsa.

Wani abin da ya ba ni mamaki ni da na fito daga ƙasarsa shi ne batun danshi. Kowa ya ji kunkurun bakin hamada sai ya ɗauka bushewa yake so. Amma a daji 'ya'yan suna ƙyanƙyashewa ne wajen shigowar damina, kuma yawancin lokacinsu a cikin rami suke ko ƙarƙashin ciyawa, inda akwai laima. Ɗakin Turai da hita ke aiki dare da rana kuwa ya fi hunturun Kano bushewa. Ɗan kunkurun da ya tashi a haka bayansa ba ya fitowa sumul, sai ya yi tudu-tudu kamar an jera ƙananan dala, kuma in ya yi ba ya komawa. Namu da alamar haka ya zo mana. Yanzu ana jiƙa ƙasar da yake kwana a kai, ana tsoma shi a ruwan ɗumi marar zurfi na 'yan mintoci. Ɗiyata ce mai wannan aikin kafin ta tafi makaranta, kuma doka ce ta wanke hannu da sabulu bayan ta taɓa shi, don kunkuru na iya ɗaukar ƙwayar salmonela ba tare da shi ya nuna ciwo ba. Saboda wannan cutar ne Amurka ta hana sayar da ƙananan da ƙoƙonsu bai kai inci 4 ba tun 1975.

Abinci kam da sauƙi, ciyawa ce da ingirici da ganyaye, a barbaɗa garin kalsiyam. Ba ayaba, ba ragowar shinkafa, ba nama, duk da zai ci in ka ba shi.

Wani zai ce ai Turawa sun daɗe suna ajiye kunkuru a lambu. Gaskiya ne, amma ba irin namu ba. Nasu ƙananan ne na bakin tekun Bahar Rum, irin na Girka da Italiya da Sifen, waɗanda in sanyi ya shigo sai su kwanta dogon barci har bazara. Na Sahel bai san wannan barcin ba. In ka sa shi a kwali ka kai gareji wai ya yi barcin hunturu, gawarsa za ka ɗauko. A watan Janairun 2024 an tsinci gawar manyan kunkuraye a wani daji a yankin Devon, irin na tsibirin Aldabra, su ma 'yan ƙasar zafi. Da magana ta je kotu, abin da ya fito shi ne na'urar ɗumama su ce ta mutu a kwanakin Kirsimeti mai su ba ya nan. Kwanaki kaɗan ne fa. Kuma a ƙasar nan dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba alhakin samar mata muhallin da ya dace da ita, ba a karɓar "ban sani ba".

Sai babbar maganar, wadda mai kanti ba zai tsaya yi maka ita ba. Abin da kake gani a tafin hannu, bai fi ƙwan kaza ba, shi ne na uku a girma cikin kunkurayen duniya, bayan na Galapagos da na Aldabra. Namiji na wuce kilo 50, yana haƙa rami mai zurfi, yana ture shinge. Kuma yana iya haura shekara 70. Kun tuna Alagba na fadar Soun na Ogbomoso da ya mutu a 2019, wanda aka ce shekararsa 344? Masana ba su yarda da lissafin ba, amma irin wannan kunkurun ne, kuma ko kashi ɗaya cikin huɗu na shekarun ka ɗauka, ya ishe ka tunani. Yaron da ke kuka yau a saya masa zai tafi jami'a, ya yi aure, ya haihu, kunkurun na nan yana jiran a kunna masa fitila.

Abin da ke ci min rai shi ne, yayin da ya cika kantunan Amurka da Turai, inda ake ƙyanƙyashe shi a gidajen kiwo, a gida ƙarewa yake yi. Ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ɓacewa. Dajin da yake kiwo ya zama gona ko makiyaya, ga masu kamawa su sayar. Tun 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje don ciniki. Saboda haka ɗan uwan da ya tambaye ni ko za a iya sako masa ɗaya a jaka daga Kano, don Allah kar ka gwada. Laifi ne a can, laifi ne a nan, kuma da wuya ya iso da rai.

Ni dai ra'ayina, wanda ke gidan haya a bene, ko wanda bizarsa ta shekara biyu ce bai san inda zai kasance gaba ba, ya haƙura. In yara sun matsa, a nemi ƙaramin irin Bahar Rum daga mai kiwo da ke da takardunsa, a kuma fara tambayar ko akwai likitan dabbobi a kusa da ya san kunkuru, don ba kowannensu ke duba shi ba. Gidajen ceton dabbobi ma na da manya da masu su suka gaza, ana neman mai karɓa.

Namu yanzu ya kusa cika akwatin katakon da na haɗa masa a falo, kuma Maman yara ta ce ba za a ƙara matsar da kujera saboda shi ba. Abin da ya rage shi ne ɗan ɗaki a bayan gida, mai rufin da ke riƙe zafi, a ja masa wuta. Na rubuta wa mai gidan tun watan jiya ina neman izini, har yau bai ba ni amsa ba.